Turawan da ke Musulunta ta wayar hannu: Me ke biyo bayan bidiyon?

   

A cikin saƙonnin da suka shigo mini makon jiya akwai na wata ɗaliba 'yar aji biyar na sakandare. Ta turo mini wani gajeren bidiyo. Wata Baturiya ce zaune a cikin mota, ta yafa gyale, tana maimaita kalmar shahada da Larabcin da bai zauna a bakinta ba, hawaye na zuba. A ƙasan bidiyon an rubuta cewa wai Turawa suna shiga Musulunci dubu-dubu a kowace rana. Sai ɗalibar ta tambaye ni ta ce: "Malam, don Allah gaskiya ne nan da 'yan shekaru Turai duk za ta Musulunta? Yayana ya ce haka ne, malaminmu na Tarihi kuma ya ce duk farfaganda ce. Wa zan yarda da shi?"

Ƙanwata, yayanki ya ga wani abu na gaskiya amma ya cika masa gishiri. Malaminki kuma da ya ɗanɗani gishirin sai ya zubar da miyar baki ɗaya. Don haka yau za mu zauna mu duba lamarin a tsanake, domin na san ba ke kaɗai ba ce irin wannan bidiyo yake shigo wa waya.

Abin da ya faru a ƙarshen 2023

Tun da daɗewa akwai Turawa da Amurkawa da ke ba da labarin Musuluntarsu a YouTube da Facebook da Instagram. Amma abin ya fi fitowa fili bayan ɓarkewar yaƙin Gaza a watan Oktoban 2023. Da yawa daga matasan Amurka da Birtaniya ba sa zama gaban talabijin don jin labarai, a waya suke ganin duniya kamar yadda ku ma kuke yi. To a wayar nan ne suka riƙa ganin mutanen da aka rushe wa gidaje, aka kashe wa 'ya'ya, amma suna fitowa daga cikin ƙura suna hamdala. Sun ga Wa'il Dahduh, wakilin tashar Aljazeera a Gaza, wanda aka kashe matarsa da ɗansa da 'yarsa da jikansa a hari guda, kuma bai daɗe ba ya koma gaban kyamara yana aikinsa. Sun ga dattijo Khalid Nabhan rungume da gawar ƙaramar jikarsa Rim, yana sumbatar idanunta, yana yi mata bankwana cikin wata irin natsuwa.

Tambayar da ta riƙa yawo a tsakaninsu ita ce, daga ina mutanen nan suke samun wannan juriya? Wata mata a birnin Cikago na Amurka ta yi wannan tambaya a shafinta na TikTok. Musulmin da ke bin ta suka ce idan tana son amsa ta karanta Alƙur'ani. Ta nemi fassarar Turanci ta fara karantawa, ta kuma buɗe wani zauren karatu a manhajar Discord inda mutane masu addinai daban-daban da marasa addini suke bi tare da ita. Cikin wata guda ta karɓi shahada. Jaridar Guardian ta Birtaniya ta ba da labarinta da na wasu irinta a watan Nuwamban 2023. Daga nan sai ka ga matasa suna ɗaga fassarar Alƙur'ani a gaban kyamara, sun lilliƙa ƙananan takardu masu launi a shafukan da suka taɓa musu zuciya.

Sai dai mu lura, ba duk wanda ya karanta ne ya Musulunta ba. Wasu sun karanta ne don su fahimci Falasɗinawa, wasu don nuna goyon baya, wasu kuma don kawai abin ne ake yayi a lokacin.

Yaƙin Gaza kuma ba shi ne kaɗai ƙofa ba. Masu kallon ƙwallo sun san Muhammad Salah da sujadar da yake yi idan ya ci ƙwallo. Wasu masana da ke da alaƙa da Jami'ar Stanford ta Amurka sun yi bincike a kan zuwansa ƙungiyar Liverpool a 2017. Sun gano cewa laifuffukan ƙiyayya sun ragu a yankin da ƙungiyar take, kuma rubuce-rubucen ɓatanci ga Musulmi da magoya bayan ƙungiyar ke yi a Twitter sun ragu da kusan rabi. Ba wa'azi ya hau mumbari ya yi musu ba. Kallonsa kawai suke yi mako-mako, suka ga mutum ne mai fara'a da kyauta da mutunta jama'a. Haka nan idan azumi ya zo za ka ga waɗanda ba Musulmi ba suna gwada yin azumin kwana ɗaya ko mako guda suna ɗauka a bidiyo, wasunsu daga nan tambayoyi suke farawa.

Akwai kuma yanayin ƙasashen su kansu. A ƙidayar jama'a ta 2021 a Ingila da Wales, waɗanda suka ce su Kiristoci ne sun sauka zuwa kashi 46.2 cikin 100, karo na farko da suka gaza rabi. Waɗanda suka ce ba su da addini kuma sun kai kashi 37.2. Ke nan akwai miliyoyin matasa da suka tashi ba coci ba masallaci. Mafi yawansu haka suke ci gaba da rayuwarsu, amma akwai waɗanda suke neman abin da za su dogara da shi. A da, irin wannan matashi idan yana ƙaramin gari da babu masallaci, ko yana jin nauyin shiga wurin da bai san kowa ba, sai tambayarsa ta mutu a cikinsa. Yanzu kuwa da tsakar dare yana kwance a ɗakinsa zai iya jin ƙira'a, ya ga yadda ake alwala, ya tambayi wanda ya riga shi shiga. Wannan shi ne babban abin da kafofin sada zumunta suka canza.

Wayarka tana ba ka abin da kake so ne

Kafin mu je ga alƙaluma, akwai abin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani game da wayar da ke hannunsa. TikTok da Facebook da YouTube ba sa nuna wa kowa abu iri ɗaya. A cikinsu akwai wani tsarin lissafi na kwamfuta da ke lura da kai: wane bidiyo ka tsaya ka kalla har ƙarshe, wanne ka maimaita, wanne ka tura wa aboki, wanne ka wuce da sauri. Da wannan yake zaɓo maka na gaba. Manufarsa ita ce ka daɗe kana kallo, domin da daɗewarka ake samun kuɗin talla.

Saboda haka idan ka kalli bidiyon shahada guda uku har ƙarshe, gobe za a kawo maka goma. Bayan mako guda sai ka ga kamar duk Landan layi ake yi a ƙofar masallaci. A daidai wannan lokaci kuma, wani matashi a wani gari da ya tsaya kallon bidiyon masu zagin Musulunci ko waɗanda suka fita daga cikinsa, shi ma irinsu ake ta jero masa, har ya ɗauka addinin ƙarewa yake yi. Kowannenku yana leƙen duniya ta ƙaramar taga, kuma wani ne ya zaɓa masa tagar. Yawan abin da ka gani a waya ba ƙidaya ba ce.

Me alƙaluma suka ce?

A Amurka da Faransa ƙidayar jama'a ba ta tambayar addini. A Birtaniya ana tambaya, amma ba a tambayar ko mutum canzawa ya yi. Don haka duk wanda ya ce maka mutum kaza ne suka Musulunta jiya a Turai, tambaye shi wa ya ƙirga. Abin da ake dogara da shi shi ne binciken masana.

Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai Musulmi kimanin miliyan 3.45 a ƙasar, wato kusan kashi 1 cikin 100 na jama'a. A cikin manyan Musulmin da ta tambaya, kashi 23 cikin 100 Musulunta suka yi, ba a cikin addinin aka haife su ba. Wannan adadi ne mai yawa. Amma ga ɗaya ɓangaren da ba a cika tura mana a WhatsApp ba: wani binciken cibiyar ya nuna cewa a cikin waɗanda aka haifa a gidan Musulmi a Amurka, kusan kashi 23 cikin 100 sun daina kiran kansu Musulmi. Wato masu shigowa ta ƙofar gaba da masu fita ta ƙofar baya sun kusa yin daidai.

Da aka tambayi waɗanda suka shigo dalilinsu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun ce koyarwar addinin ce ta fi kwanta musu, kashi 21 cikin 100 kuma sun ce karatu da bincike ne suka kai su. Waɗanda suka ce aure ko soyayya ce ta jawo su kashi 9 ne kacal. Masu cewa duk Baturiyar da ta Musulunta miji ta biyo sai su sake lale.

A Birtaniya, wani rahoto da ƙungiyar Faith Matters ta fitar a farkon 2011 ya ƙiyasta cewa waɗanda suka Musulunta a ƙasar sun kai kimanin 100,000, kuma kimanin 5,200 ne suka shiga a shekarar 2010. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka tambaya mata ne. Idan ka raba 5,200 ga kwanakin shekara za ka samu mutum 14 a rana. Alheri ne babba, amma ina dubu-dubun da aka rubuta a ƙasan bidiyon ƙanwarmu?

Gaskiya ne Musulmi suna ƙaruwa a can. A Ingila da Wales sun tashi daga miliyan 2.7 a 2011 zuwa miliyan 3.9 a 2021, wato kashi 6.5 cikin 100. A duniya baki ɗaya ma cibiyar Pew ta ce tsakanin 2010 da 2020 Musulmi ne suka fi kowa ƙaruwa, har suka kai kimanin biliyan 2. Sai dai ta bayyana cewa babban dalili shi ne haihuwa da yawan matasa, a Turai kuma har da ƙaura. Canjin addini ɗan ƙaramin kaso ne a cikin lissafin.

Ba yau aka fara ba

Wani abin da ɗalibi ya kamata ya riƙe shi ne, Musuluntar Turawa ta girmi TikTok da fiye da shekara ɗari. A 1887 wani lauya a birnin Liverpool mai suna William Henry Quilliam ya Musulunta bayan wata tafiya da ya yi zuwa Maroko, ya koma Abdullahi. A 1889 ya buɗe masallaci a garinsu, ya kafa gidan marayu, ya kuma riƙa buga jaridar mako-mako mai suna The Crescent, wadda ita ce kafar sada zumuntarsa a wancan zamani. Ɗaruruwan Turawa sun Musulunta ta hannunsa duk da jifa da tsangwamar da suka sha. Mutumin nan har Legas ya zo a 1894, a matsayin wakilin Sarkin Daular Usmaniyya, wajen buɗe Masallacin Shitta-Bey.

Marmaduke Pickthall, marubuci ɗan Ingila, ya Musulunta ya kuma fitar da fassarar Alƙur'ani ta Turanci a 1930, wadda har yau ana karantawa. Leopold Weiss, ɗan jarida daga gidan Yahudawa na Ostiriya, ya Musulunta a 1926 ya zama Muhammad Asad. Mawaƙin nan Cat Stevens ɗan'uwansa ne ya ba shi kyautar fassarar Alƙur'ani, ya Musulunta a 1977 ya zama Yusuf Islam, daga baya ya kafa makarantar Musulunci a Landan.

Ga kuma wadda ta fi kusa da mu. Da yawa daga cikinku kun karanta littattafan darasin Addinin Musulunci na Hajiya A'isha Lemu. Baturiyar Ingila ce, an haife ta a 1940, ta Musulunta a Landan a 1961 tana ɗalibar jami'a. A 1966 ta zo Kano koyarwa, daga baya ta riƙe makarantar 'yan mata a Sakkwato, ta auri Sheikh Ahmad Lemu. Tare suka yi aikin gina cibiyar ilimin Musulunci ta IET da ke Minna, kuma ita ce shugabar farko ta ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a 1985. Ta rasu a Minna a watan Janairun 2019. Allah Ya jiƙanta.

Ku lura da abu guda. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah da muke tunawa da shi saboda ranar da ya yi shahada. Muna tuna su ne saboda abin da suka yi da shekarun da suka biyo baya.

Bayan an kashe kyamara

A nan ne gizo ke saƙar. Bidiyon shahada bai wuce minti ɗaya ko biyu ba. Ana kabbara, ana rungumar juna, dubban mutane suna turo saƙon murna daga Indonesiya har Kano. Washegari kuma sai mutum ya farka shi kaɗai a ɗakinsa. Bai iya Fatiha ba. Bai san yadda zai gaya wa mahaifiyarsa ba. Abokan da suke fita shan giya tare sun fara ja da baya. A wurin aiki ana yi wa ɗankwalinta wani irin kallo.

A 2013 Cibiyar Nazarin Musulunci ta Jami'ar Kambirij ta fitar da rahoto a kan matan Birtaniya da suka Musulunta, bayan zama da aka yi da kusan hamsin daga cikinsu. Abin da suka koka da shi ya kamata ya ba kowane Musulmi kunya. Da yawa sun samu saɓani da danginsu, sannan a masallatai ba su samu wanda zai riƙe su ba. Wasu masallatan ba su da wurin mata. Wasu kuma kowace ƙabila ta kama nata, ana hira da harshen da baƙo ba ya ji. Akwai waɗanda aka matsa wa su yi aure da gaggawa tun ba su san hagu da dama ba, akwai waɗanda aka ɗora wa al'adun wata ƙasa da sunan addini. Ranar Sallah, lokacin da kowa yake cikin danginsa, ita ce ranar da sabon Musulmi ya fi jin kaɗaici.

Rahoton ya kuma taɓo wani abu mai ciwo. Farar fata idan ta Musulunta sai a riƙa nuna ta kamar kofin da aka ciyo a gasa, amma baƙar fata idan ta Musulunta ba mai waiwayarta. Alhali a Amurka, bisa binciken Pew, kusan rabin baƙaƙen fata Musulmi Musulunta suka yi, tafarkin da irin su Malcolm X da Muhammad Ali suka bi. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: bidiyon wa muka fi turawa?

Wanda ya shiga addini ta waya kuma bai samu malami na ƙwarai ba yana cikin haɗari iri biyu. Na farko ruɗani. Yau wannan ya ce masa kaza haramun ne, gobe wancan ya ce wanda ya faɗa masa haka ɗan bidi'a ne, kowa yana jan sa zuwa ɓangarensa. Na biyu kuma masu farautar irinsa. A lokacin da ƙungiyar ISIS take tashe, ta intanet ta riƙa jan matasan Yamma. Wani rahoto na Jami'ar George Washington a 2015 ya duba mutum 71 da aka gurfanar a Amurka kan alaƙa da ƙungiyar, ya samu kusan kashi 40 cikin 100 sababbin Musulunta ne. Waɗannan 'yan ƙalilan ne ƙwarai idan aka kwatanta da dubban da ke zaune lafiya, amma darasin a fili yake: wanda bai samu hannun kirki ya riƙe shi ba, mugun hannu yana jiransa.

Addininmu kuwa bai bar wannan giɓi ba. Da Manzon Allah (SAW) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya umarce shi ya bi da mutane daki-daki, a fara da shahada, idan ta zauna a koyar da Sallah, sannan Zakka. Da Muhajirai suka isa Madina sun baro gida da dukiya, sai ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da mutanen garin, kowa da wanda zai riƙe shi. A cikin waɗanda Suratut Tauba ta lissafa za a ba Zakka ma akwai waɗanda ake lallashin zukatansu. A yau wasu cibiyoyi a Birtaniya da Amurka suna ƙoƙarin bin wannan tsari, kamar shirin kula da sababbin Musulmi da ke Markfield kusa da Lesta, inda ake koyar da su, a haɗa su da abokai, a shirya musu buɗa-baki da bikin Sallah. Wannan aiki ba ya tara masu kallo a TikTok, amma shi ne yake sa mutum ya tabbata.

Addini ba ya buƙatar ƙaryarmu

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu yaƙa. Tun muna yara muke jin cewa Neil Armstrong, wanda ya fara taka duniyar wata a 1969, ya ji kiran Sallah a can ya Musulunta. Labarin ya yaɗu har sai da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta fitar da sanarwa a 1983 tana ƙaryatawa a madadinsa. An yi irin wannan a kan masanin teku ɗan Faransa Jak Kusto, an yi a kan ɗan wasan barkwancin nan da kuka sani da Mista Bin. A lokacin Gasar Kofin Duniya ta Ƙatar a 2022 ma an yaɗa wani bidiyon shahada da aka ce a lokacin gasar aka ɗauka, masu bin diddigi suka gano tsoho ne na shekarun baya. Yanzu kuma da fasahar ƙirƙirarriyar basira ana iya sa wa kowane shahararre jallabiya da hula, a sa masa maganar da bai taɓa yi ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da wanda ba Musulmi ba ya gano ka tura masa labarin bogi, ya daina yarda da kai ko da gaskiya ka kawo. Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, kuma wannan umarni ya haɗa da labarin da ya yi mana daɗi.

Haka nan shahararre idan ya Musulunta da gaske, murna daban, mai da shi malami daban. Da Andrew Tate ya sanar da Musuluntarsa a watan Oktoban 2022 samari da yawa sun ɗauke shi gwarzo, har suna ɗaukar maganganunsa a kan mata kamar fatawa. Bayan haka hukumomin Romaniya suka tuhume shi da manyan laifuffuka, ciki har da safarar mutane, shi kuma ya musanta. Zuciyarsa Allah ne Ya sani, shari'arsa kuma ta kotu ce. Abin da ya shafe ku shi ne, yawan mabiya a intanet ba ilimi ba ne, kuma wanda ya shigo jiya koyo ne ya kamace shi.

To ina namu rabon?

Ƙannena, ku sake duba abin da ya ja hankalin waɗannan mutane tun farko. Haƙurin wani kaka a Gaza, fara'ar wani ɗan ƙwallo, amsa mai taushi da wani ya bayar a ƙarƙashin wani bidiyo, wadda ta sa wata mata a Cikago ta buɗe Alƙur'ani. Hali suka gani kafin su nemi littafi. Ku ma kuna cikin wannan kasuwa. Duk abin da ka rubuta a Facebook ko X, akwai wanda bai taɓa zama da Musulmi ba da zai iya karantawa, kuma manhajar tana fassara masa Hausarka cikin daƙiƙa guda. Idan ya tarar da ashar da tsinuwa da kafirta juna, wane addini ka nuna masa?

Sannan mu dubi gida. Muna zubar da hawaye idan Baturiya ta yi shahada, amma a garuruwanmu akwai waɗanda suka Musulunta shekara ashirin da suka wuce har yau ana ce musu "tubabbe" da sigar raini, a hana su aure, a yi wa 'ya'yansu gori. Wanda ya raina sabon Musulmin unguwarsu, murnar da yake yi da na Landan ta farar fata ce kawai. Haka kuma abokin karatunka Kirista ba abin farauta ba ne. Haƙƙinsa ne ka mutunta shi, ka zauna da shi da amana, domin babu tilas a addini, kuma shiriya ta Allah ce.

Ƙanwata mai tambaya, ga amsarki a taƙaice. Eh, akwai Turawa da Amurkawa da ke Musulunta, kuma waya ta sauƙaƙa musu hanya fiye da kowane zamani. A'a, Turai ba ta kusa Musulunta baki ɗaya ba, kuma yayin da wasu ke shiga wasu 'ya'yan Musulmi fita suke yi. Ki gaya wa yayanki ya rage gishiri, ki kuma kai wa malaminki waɗannan alƙaluma cikin ladabi.

Ga aikin gida na wannan mako. Duk bidiyon Musulunta da ya shigo wayarka, kafin ka tura wa wani ka amsa tambaya uku: wane ne wannan, yaushe aka ɗauka, kuma wace kafa mai mutunci ce ta tabbatar? Idan ka kasa amsa ko ɗaya, bar shi a wurinka. Idan kuma ya tabbata gaskiya ne, ka yi wa mai shi addu'ar tabbata, sannan ka tuna cewa ita wannan Baturiya tana can tana fama da haruffan Fatiha ɗaya bayan ɗaya. Kai da aka haifa a ciki, yaushe rabonka da buɗe fassarar Alƙur'ani ka karanta shafi guda don ka gane abin da yake cewa?

Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A ci gaba da turo tambayoyi, kuma a dage da karatu.